Sunan da Ban Sa a Facin Ba

Duk lokacin da na ce wa mutanen ofishinmu ina aikin faci, sai an sami wanda zai tambaye ni ko tayar motata ce ta sace. Na yi bayani har na gaji na daina. Facin da nake nufi gyara ne da ake yi wa kanel, wato cibiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda ke sa na'ura ta gane duk abin da aka jona mata. Manhajar da muke amfani da ita a sashenmu ba ta wani kamfani ba ce. Mutane ne barkatai a faɗin duniya ke gina ta a fili, kowa ya ga inda take yoyo ya liƙe, ya aika gyaransa ta imel zuwa wani zaure da kowa ke iya karantawa. Kowane ɓangare yana da mai kula da shi. Shi zai duba facinka, ya karɓa ko ya dawo maka da kayanka.

Shekarun nan ne na farar hula da kuɗin mai suka yi ta kwararowa, Abuja kuwa inda ka bar ciyawa bara, bana bene za ka tarar. Ma'aikatarmu ta sayo modem kwali-kwali, ƙanana kamar ɗan yatsa, wai domin jami'ai masu fita jihohi su riƙa shiga intanet. Aka raba, aka yi hotuna. Sai da aka zo jona su a kwamfutocin sashenmu aka ga abin da aka sayo: kana cusa ta sai ta nuna kanta a matsayin faifan sidi, ta yi lakwas, ba intanet ba dalilinsa. Darakta ya kira ni ya ce tunda ni na dage sai an yi aiki da manhajar kyauta, to ni zan san yadda zan yi da ita.

Ina da zafin rai, na sani, kuma babu abin da ya fi tayar mini da shi kamar a ci gumin wani. Shekara ashirin da ɗoriya ina rubuta takarda darakta yana sa hannu, a yaba masa a taro ina zaune a layin baya riƙe da fayil. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Abin da ya sa na ƙaunaci mutanen kanel ke nan. A wurinsu kowane faci yana da layi na farko inda ake rubuta wanda ya yi aikin. A ƙasa kuma akwai layukan sa hannu: mai aikin ya sa nasa, yana shaida cewa aikinsa ne kuma ya yarda a ɗauka, duk wanda facin ya bi ta hannunsa shi ma ya sa nasa a ƙarƙashi. Mu da muka zauna gaban malamin hadisi ba sai an yi mana dogon turanci ba, isnadi ne, wane daga wane. Kuma da zarar faci ya shiga babban kundi, shi ke nan, ba a kankare abin da aka rubuta. Na sha tsayar da ma'aikatan sashenmu ina yi musu wa'azi a kan wannan har su fara satar kallon agogo. Ni kaina sau biyu na taɓa aika faci, sau biyun kuma aka dawo mini da shi.

Mako uku na yi ina fama da modem ɗin nan ban ci nasara ba. Wadda ta gyara ta 'yata ce ta fari.

Dole in tsaya in faɗi yadda muke da ita, in ba haka ba abin da na yi zai zama sata tsagwaronta, alhali rabinsa ne kawai sata. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinsa ba. Ita kuma abin ya zo mata biyu, ga ta 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyata aka sa mata. Ana yaye ta aka kai ta wurin Inna a garinmu, can ta tashi, can ta yi firamare da sakandare. Sai bayan rasuwar Inna, tana jami'a, ta dawo hannunmu a Jabi. Ƙannenta suna ce mata Yaya. Ni kuwa “ke” nake cewa, ko in bi ta wurin uwarta in ce a gaya wa yarinyar nan kaza. Uwar ma ta fi ni alkunya, ita ko kallon kirki ba ta yi mata in da baƙi. Ilimin kwamfuta ta karanta ba tare da na ce ta karanta ba, ban kuma taɓa tambayarta dalili ba. A lokacin da nake magana ta gama bautar ƙasa, tana gida tana neman aiki.

Wata Asabar na dawo daga ɗaurin aure bayan la'asar, na tarar da kwamfutata a buɗe a kan teburin falo inda na bar ta, modem a jone, fitilarta tana haske shuɗi. Mako uku ja nake gani. Na tsaya da hula a hannu ina kallo kamar an ce mini akuya ta yi magana.

“Waye ya taɓa mini kaya?” na ce da ƙarfi, don ban san me zan ce ba.

Ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a ƙasa. Ta ce ita ce, in yi haƙuri. Ta ce ta ari kwamfutar ƙawarta mai manhajar kamfani, wadda modem ɗin ke aiki a kanta, ta yi kwana huɗu tana bin saƙonnin da ke wucewa tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya, har ta gano wanda ke sa ta daina wasan faifai ta koma modem. Ta ce ni ma na kusa, saƙon da nake turawa daidai ne, sai dai ina yi mata gaggawa. Sai an ɗan jira bayan an tura, kafin a sake yi mata magana. Layi talatin da 'yan kai ta rubuta.

Na karanta su a tsaye. Aiki ne mai tsabta, ya fi duk abin da na taɓa rubutawa. Daɗi ya cika mini ciki har na ji ƙwalla na neman zuwa, kuma duk abin da ya fito daga bakina shi ne, “To.” Ta tambaya ko zan aika wa mutanen can. Na ce zan duba. Ta koma kicin.

Ranar Litinin a ofis na shirya facin. Na daidaita tazarar layuka yadda suke so, na rubuta bayani da Turanci, na gwada a kan modem biyar. Da na zo haɗa saƙon, kwamfuta da kanta ta cike layin farko da sunana, don ita ta san mai ita kawai. Ba zan ce ban gani ba. Na gani, na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, na daɗe a haka. Na ji nauyin in zauna in rubuta sunan Inna da hannuna, in aika shi zauren da dubban baƙi ke karantawa, in ce musu ga 'yata, ku ga abin da ta yi. A garinmu wanda ya yi haka sai a ce ba shi da ta ido. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta, ita ce na san wannan facin za a karɓa, kuma na daɗe ina son in ga sunana a kundin nan ko sau ɗaya. Kunyar ta ba son zuciyar mafaka, ni kuma na bar su tare. Na ce a raina ai abin gida ne, duk ɗaya ne. Na sa hannu a ƙasa, na aika.

Talata da safe amsa ta zo daga mai kula da ɓangaren, wani Bature da ban taɓa gani ba, mai gajeren rubutu. Ya ce aikin ya yi kyau, zai ɗauka. Sai ya nuna wani layi a tsakiyar facin ya tambaya wane harshe ne wannan, kuma me yake cewa. Na duba. Ta bar wa kanta 'yar tunatarwa da Hausa a gefen wurin jiran, ni kuma idona ya tsallake ta saboda harshena ne: “a jira ta farka”. Daga nan ya ƙara da cewa ya tuna faci biyun da na aiko a baya, wannan bai yi kama da hannun da ya rubuta su ba. Idan a kan aikin wani na gina, ko wani ne ya fara, in faɗa a sa sunansa. Ya ce ranar Juma'a da yamma zai tura abin da ya tara zuwa babban kundi.

Ba zagi a ciki, ba zargi. Tambaya ce kawai, kuma a zauren da kowa ke gani aka yi ta. Na karanta ta ya fi sau goma. Na je banɗaki na wanke fuska na dawo na sake karantawa. Shayin da aka kawo mini ya huce a wurin.

Wanda muke ofis ɗaya da shi mutumin Filato ne, ya girme ni da aiki kaɗan amma oga yake ce mini saboda mataki. Daga Mararaba yake zuwa kullum, ya iso a gajiye yana tsine wa cunkoso. Ya ga yadda na yi tsuru-tsuru ya zagayo ya karanta ta kafaɗata. Na gaya masa komai, ban ɓoye ba.

“Oga, ban gane wahalan ba,” ya ce. “Yarinya shi ne ya yi aiki, ka sa sunan shi. Simple ne fa.”

“'Yar fari ce.”

“To? Nawa ma first born ne, ka ga bayan motana.”

Na gani kuwa. Sunan 'yarsa yana manne a gilashin baya da manyan haruffa, duk wanda ya bi shi daga Mararaba zuwa cikin gari sai ya haddace. Na ce masa mu ba haka muke ba. Ya yi dariya ya ce, “Oga, kai ne fa kake yi mana preaching kullum a kan wannan.” Na daka masa tsawa na ce ya koma teburinsa. Ya koma yana girgiza kai. Laifi tudu ne, na daɗe ina tsaye a kan nawa ina hango na darakta.

Ranar ban ba da amsa ba. Na rubuta cewa layin yana nufin a jira na'urar ta shirya, kuma aikin nawa ne, na goge. Na rubuta cewa wani ɗalibi ya taimaka mini, na goge. Na yi tunanin in yi shiru har Juma'a ta wuce, wataƙila ya ɗauka haka nan. Duk ƙarar da kwamfuta ta yi ta shigowar saƙo sai in ɗauka wani ne a zauren ya gano ni. A gida na ci tuwo ban san ko da gishiri a miyar ba. Ita ta kawo mini ruwan wanke hannu kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye.

Laraba bayan magariba uwarta ta same ni a falo ta zauna a hannun kujera, abin da ba ta yi sai da magana.

“Alhaji, me ka yi wa 'yar taka?”

“Wace?” na ce, alhali na sani.

“Babbar. Tun jiya da ta dawo daga kafen intanet ba ta ci abin kirki ba.”

Haka muka zauna, mu biyu da muka haife ta, muna zancenta ba mai iya kiran sunanta. Uwar ba ta san kanel ba, ba ta san faci ba, amma ta san abin da ni ban sani ba. Ta ce wani kamfani a Idu, masu haɗa na'urorin sadarwa, sun kira yarinyar ganawa ranar Litinin mai zuwa. Ta ce a takardar neman aikin da ta kai musu ta rubuta cewa ita ta gyara abin nan namu, kuma an aika wa Turawan.

Na san irin injiniyoyin da ke wuraren nan, ba sa jin magana irin wannan su wuce, buɗe kwamfuta za su yi su duba a gabanta. Sunana za su gani a layin farko, sunana a layin ƙasa, kuma sunana shi ne na biyu a takardunta, ba sai an gaya musu uban wa ba ne. Me za su ce? Yarinya ta ɗauko aikin ubanta ta zo tana neman aiki da shi. Ba aikin kaɗai za ta rasa ba, maƙaryaciya za su ɗauke ta, kuma garin nan masu wannan sana'ar ba su da yawa, kowa ya san kowa. Sai a lokacin na gane me ta je yi kafe ranar Talata. Zauren a buɗe yake, ta je neman sunanta ne, ta tarar da nawa.

“Ba ta ce komai ba?” na tambaya.

“Me za ta ce? Kai ne fa.”

Alhamis da sassafe, kafin mutumin Filato ya iso, na rubuta wa Baturen. Ko a nan sai da na yi 'yan dabaru. Na fassara masa layin, na ce gaskiyarsa, ba ni na yi ainihin aikin ba, wata 'yar gidanmu ce, ni gyaran fuska kawai na yi. Na roƙe shi ya rubuta haka a bayanin. Na aika ina jin kamar na sauke kaya. Kafin azahar ya amso. Ya yi godiya, ya ce amma “wata 'yar gidanmu” ba suna ba ne. Yana bukatar cikakken sunanta da adireshin imel ɗinta a layin farko, da sa hannunta ita da kanta a sama da nawa. In sake aikowa kafin yammacin Juma'a. In bai samu ba zai ajiye facin gefe sai wani zagayen, wata biyu ko uku nan gaba, don ba zai tura shi da sunan da ya san ba daidai ba ne.

Wata uku ba zai yi mata amfani ba, Litinin ce ganawar. Na ɗauko waya na duba, Yaya na sa wa lambarta, kamar yadda ƙannenta ke faɗa. Imel ɗinta kuwa ban taɓa sani ba, ban taɓa aika mata ko gaisuwa ba. Na kira uwarta na ce ta karɓo mini. Ta ce, “A'a, Alhaji, wannan karon ba da ni ba. Kai ka ɓata, kai za ka je.” Ta kashe waya. Shekara ashirin da biyar muna tare ba ta taɓa kashe mini waya ba.

Da na koma gida na yi niyyar kiranta bayan cin abinci. Na buɗe baki sau biyu. Na farko na ce a kawo mini tsinken sakace, na biyu na tambaya ko an zuba wa janareta mai. Ta amsa duka biyun ta shige ɗaki. Na raina kaina ranar fiye da yadda na taɓa raina wani darakta.

Juma'a na je ofis na kasa zama. Ƙarfe goma da rabi na ɗauki kwamfuta da modem na ce wa mutumin Filato in an neme ni na fita. Ya dube ni ya ce, “Allah ya taimaka, oga.” Hanya ta cushe tun kafin masu zuwa masallaci su fito, an tare wani titi ana aikin gada, ina ta duban agogo ina danna ham kamar direban tasha. Na isa gida aka ce ta fita, ta je shagon hoton takardu kusa da tashar Jabi. Na juya.

Na hango ta tana fitowa daga shagon, ambulan ruwan ƙasa a ƙirjinta, tana kauce wa 'yan kamasho masu kiran Kaduna da Lakwaja. Na tsaya a gefenta na sauke gilashi. Nan ma na kasa kiran sunanta, ga ta taku biyar daga gare ni, ga hayaniya, ba za ta ji “ke” ba. Ham na danna. Ta waiwayo, ta ga ni ne, ta tsorata, ta zo da sauri.

“Baba, lafiya?”

“Shigo.”

Ta buɗe baya, na ce ta dawo gaba. Na matsa da motar ƙarƙashin wata bishiya na kashe. Allah ya taimake ni mota ce, kowa gabansa yake kallo, ba sai mun haɗa ido ba. Na gaya wa gilashin gaba abin da na yi. Na ce na ga sunana a layin kuma na bar shi da gangan. Na ce ba kunya ce kaɗai ba, har da kwaɗayi. Na ce Baturen yana jira zuwa yamma, kuma na ji zancen Idu.

Ta murza bakin ambulan. Can ta ce, “Ai ba komai, Baba. Na riga na gyara.”

“Kin gyara me?”

“Ranar Laraba da safe na je Idu. Na roƙi sakatariyar ta ba ni takardata, na ba ta wata. Na cire wannan layin.”

Na juyo na dube ta, karon farko tun da ta shigo.

“Don me?”

“In suka duba suka ga sunanka, dole ɗayanmu ya zama ya yi ƙarya. Na ga gara a ce ban yi komai ba.”

Ba da fushi ta faɗa ba, da ma da fushin ne da ya fi mini sauƙi. Kwana huɗu ta yi tana bin saƙonnin na'ura, shi ne abu mafi kyau da take da shi na nunawa, ta hau mota har Idu ta cire shi da hannunta don kada a ce ubanta ya yi ƙarya. Ni kuma a ranar ina ofis ina lissafin yadda zan yi shiru Juma'a ta wuce. Kunya ta kama ni, ta gaske, ba irin wadda na fake da ita ba.

“Ranar Litinin za ki faɗa musu da bakinki,” na ce. “Ki ce su buɗe su duba a gabanki.”

Na jawo kwamfutar daga kujerar baya na ɗora a kan sitiyari, na cusa modem. Ta yi ja, ta ɗan jira, ta koma shuɗi. Na buɗe facin na goge layin farko. Ta miƙo hannu za ta karɓa ta rubuta, na ce ta bari, na ƙasa ne nata, wannan ni na ɓata shi. Rabin layin na biyu sunana ne, wannan ba wuya. Rabin farkon na tsaya a kansa, masu tallan ruwa suna ƙwanƙwasa gilashi, lasifikar masallacin tasha ta fara gwaji. Na yi bismilla na danna haruffan da yatsa ɗaya, kamar wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba. Na juya mata fuskar na'urar.

“Duba. Haka ne?”

Ta sunkuya ta karanta. Ta daɗe fiye da yadda kalma ɗaya ke bukata. Sai na ga ta sa bakin mayafi ta share ido, tana ɗan murmushi.

“Da h ne a ƙarshe, Baba,” ta ce a hankali. “Tun ina aji ɗaya da h nake rubutawa.”

Shekararta ashirin da uku a duniya, ban sani ba. Na ƙara harafin, na miƙa mata kwamfutar ta sa imel ɗinta, ta sa hannu a sama da nawa.